Kasetin Tsohuwa a Ƙofar Masallaci

Ko tsufa ya cinye mini hankali, azahar ɗin nan ta Riyad ba za ta fita daga raina ba. Shekarun 1980 ne, ina tuƙa wani dattijon Bature malamin jami'a. Turanci yake koyarwa, amma ransa na kan Galik, harshen kakanninsa na wasu tsibirai masu sanyi. Ya yi shekaru yana bin ƙauyukansu da rikoda, yana naɗar muryar tsofaffi kafin su ƙare. In ya sa kaset sai ya rufe ido yana maimaita kalma ɗaya kamar mai lazimi. Ni kan ce masa, "Dakta, wata rana sai aljanu sun amsa maka."

Rannan na tsaya salla a unguwar Manfuha, na bar shi a mota. Ina fitowa na tarar mutane sun kewaye ta. Muryar wata tsohuwa na tashi daga ciki, Dakta na binta ido rufe. Wani ya ɗaga murya: "Sihiri!" Wani ya nuno ni: "Ga mai kawo masa!"

Innalillahi! A ƙasar nan hukuncin sihiri takobi ne, kuma baƙin direba wa zai saurara masa? Sai ga 'yan sanda, ɗaya ya karɓe iƙamata, wato takardata ta izinin zama, aka tasa ƙeyarmu zuwa ofis. Wallahi matata da 'ya'yana kawai nake tunawa.

Babbansu ya ce a kunna kaset ɗin. Dakta ya yi bayani da guntun Larabcinsa: waƙar tatsar saniya ce, mai waƙar ma ta rasu. Ba wanda ya yarda. Jami'in ya sa aka maimaita, ya sunkuyar da kai yana buga tebur da yatsa. Ni kuwa na riga na fara kalmar shahada a zuci.

Can ya ɗago ya ce, "Haka kakata take yi wa taguwa in ta hana nono." Ya miƙo mini iƙamata. "Yalla, ku tafi."

A mota kuka ya ƙwace mini, na kasa tayar da inji. Tun daga ranar, in na ji mutum na magana da harshen da ban sani ba, bakina nake kamawa har sai na tambaya. Da jami'in nan bai tsaya ya saurara ba, da wani ne yake ba ku labarina.