Gudun Safe a Duwatsun Poli

Mun bar Garuwa ana fitowa daga sallar asuba, mu uku a tsohuwar Fijo: ni, ƙanena, da mai motar, abokina da ke aiki a kamfanin auduga. Mu ne mutanen nan da kuke gani ranar Lahadi da gajeren wando muna gudu a bakin Binuwai ba wanda ya koro mu. Tun muna lise, wato sakandare, muka kamu da wannan cuta. Abokin ne ya ce shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ta ishe mu, mu je Poli mu ɗanɗana gudun dutse.

Muna haye gada jandarmomi suka tsayar da mu, suka juya katin kowa gaba da baya, suka tambayi abin da zai kai mu Poli. Abokina ya ce ziyara. A zamanin nan mai hankali ba ya gaya wa mai kaki cewa gudu zai je yi. A Ngong muka karya da ƙosai da shayi, na ga gyaɗa da doya araha har na ji haushin 'yan kasuwar garinmu. Can gaba muka bar babbar hanya muka kama jar turba mai gargada, motar tana kuka ta ko'ina ban da ham. Da la'asar muka sauka gidan wani tsohon aminin babanmu mai sayar da gishiri da atamfa. Ya cika mu da tuwon dawa da miyar yakuwa. Muka ce masa gobe za mu zaga dutse, kunya ta hana mu ce da gudu za mu zaga.

Gari na wayewa muka kama hawa. Da farko ƙirjina kamar ana hura wuta a ciki, sai can jiki ya saki, ƙafafu suka daina neman shawarata. Iska mai sanyi, ƙanshin ciyawa, rana tana taɓa kan duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Na tsinci kaina ina dariya ni kaɗai. Wanda bai taɓa gudu don daɗi ba, ban san yadda zan bayyana masa wannan ba. Ƙanena, da yake ya fi mu sauri, ya ba mu rata, yana tsallake duwatsu kamar ɗan akuya.

Muka wuce wani garke na ƙananan shanun dutse marasa tozo, ba mu tsaya ba, ba mu gaida kowa ba. Sai wata mata ta ƙwalla ihu, aka amsa daga wani tudu. Kafin in gane abin da ake ciki maza biyu, kowa da mashi a hannu, sun tare ni da abokina, suka nuna mana ƙasa. Muka zauna.

Daga nan ina hango kwarin gaba ɗaya. Ga ƙanena yana gangarawa, ga samari a bayansa da kulake da baka. Ya waiwaya ya gan su, sai ya ɗaga musu hannu ya ƙara wuta. A zatonsa shiga gudun suka yi. Na buɗe baki in kira shi, muryata ta ƙi fita, haki ya cinye ta. Abokina yana ta roƙo da Fulatanci ba mai saurarensa. Na ga wani mutum ya durƙusa a kan falalen dutse ya ɗana kibiya. Ni na taso da yaron nan daga gida, kuma ga ni zaune a ƙasa ina kallo. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba.

Ƙanena ya kai rafi, ya sunkuya ya watsa ruwa a fuska. Da ya miƙe sai ya juyo yana dariya, ya miƙa wa na gabansu hannu. Saurayin ya tsaya da kulki a sama, ya rasa yadda ake dukan mai dariya.

Malamin cocin ƙauyen, wanda ke jin Hausar kasuwa, shi ya raba mu. Ya ce watan jiya aka kore musu shanu. Ya ce a nan baƙo tafiya yake yi, ya tsaya ya gaisa, ya faɗi gidan da za shi, kuma babba ba ya gudu kusa da garke sai ɓarawo. Aka duba shanu aka ga suna nan, aka kawo mana kunu. Ƙanena ya mai da abin raha, yana ta yaba saurin samarin.

Za mu tafi sai mai bakan ya ja ni gefe. Kibiyarsa ce a hannunsa, jiƙe da laka, bakinta baƙi ƙirin da dafi. Ya yi mini magana da gurguwar Hausa.

"Wancan ɗan'uwan ka?"

"Ƙanena ne."

"Ni ya harba. Shi ya sunkuya." Ya dubi ƙasa. "Ni ba ya kuskure, malam. Yau kawai."

Washegari muka juyo. Abin da na koya kaɗan ne. In ka sauka garin mutane, faɗa wa mai masaukinka gaskiyar abin da ya kawo ka ko da zai yi maka dariya, kuma ka gaida mutane kafin ka wuce dukiyarsu.

Mun iso gida bayan magariba. Ƙanena ya zauna gaban mahaifiyarmu yana ba ta labari, fuskarsa na walƙiya, wai tun da yake bai taɓa gudu mai daɗin wannan ba, har ya yi wa samarin alkawarin komawa bayan girbi. Ta juyo ta dube ni.

"Kai fa, babba, ka yi shiru?"

Na ce mata gajiya ce. Har yau ban gaya masa ba.