Ita Om Ɗinta Ya Zauna, Ni Shahadata Ta Tafi

Assalamu alaikum. Masu ta aiko saƙo kuna tambayar ina na shige, ga ni. Ban yi fushi da kowa ba, ban kuma koma Kano ba. Bakina ne ya mutu, ni da a gidanmu ake ce mini rediyo.

Da safe abin ya same ni, ina haɗa shayi a flat ɗinmu na unguwar Lewisham, nan ƙasar Turawa. Kofi ya suɓuce daga hannuna. Na buɗe baki in kira maigidana, Baban Ilham, sai wani gurnani ya fito. Da ya ga bakina ya karkace, ya ɗauka iska ce, ya tsaya yana tofa mini addu'a. Sai da hannun dama ya saki gaba ɗaya ya kira motar asibiti.

A wani asibiti a Whitechapel aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwata. Likita ta ce gudan jini ne ya toshe jijiya, ya taɓa wajen magana. "Tana gane duk abin da kuke faɗa," in ji ta. "Fitarwar ce ba za ta iya ba."

Kullum awon jini, allura, gwajin haɗiya. Ruwan sha ma sai an kaurara shi kamar koko, kada in ƙware. Nas ce ke kai ni banɗaki. Asibiti bai karɓi ko sisi ba, amma aikina ya tafi.

Duk wannan bai firgita ni ba kamar abu guda. Kalmar shahada ta ƙi fitowa. A zuciya tana nan cif, a harshe babu. Baban Ilham yakan sunkuyo kunnena ya ce, "Daure, Maman Ilham. Ce La'ilaha illallah." Ni sai yawu. An ce mini ciwon yana iya dawowa kowane lokaci, na ga zan mutu baki a rufe.

A gadon kusa da ni akwai wata tsohuwa 'yar Hindu, Sushila. Ciwonmu ɗaya, nata ya fi tsanani, ko sunan 'yarta ba ta iya kira. Amma kowace safiya sai ta lumshe ido ta ja numfashi ta ce "Ooom", ta ja shi har ƙarfen gadona ya ɗauka.

Baban Ilham ya tsani sautin nan. "Wallahi zan yi complain a canza miki gado," ya ce. "Kina fama da kanki ana yi miki wannan a ka."

'Yarta Mina ta ji faɗan, ta leƙo ta ba da haƙuri. Ta ce a addininsu wannan ne sautin farko, daga gare shi halitta ta faro. Ana fara shi baki a buɗe, a ƙare leɓe a rufe, shirun da ke biyo baya ma cikin ibadar yake. Mai yin sa yana tattara hankalinsa ne wajen Ubangiji, kuma burin kowannensu ya bar duniya da shi a baki. "Tun tana yarinya take rera shi," in ji Mina. "Komai ya tafi, shi ya zauna."

Addinina daban, nata daban, ban taɓa ruɗewa a kan wannan ba. Amma gaskiya kishi ya kama ni. Na yi kuka har nas ta zo. Me ya sa nata ya zauna, tawa ta tafi?

Wata ranar Laraba da hantsi ciwon ya sake bugun Sushila. Aka ja labule. Ina jin Mina tana ja mata sautin, tsohuwar tana bi a hankali, har ya zama muryar Mina kaɗai. Kafin la'asar an canza zanin gadon.

Ranar ban ci komai ba.

Mai koya mana magana ce ta lura. Ta ce abin da mutum ya saba rerawa wata hanya yake bi a ƙwaƙwalwa, shi ya sa na Sushila bai ɓace ba. Ta tambayi Baban Ilham ko akwai abin da nake rerawa tun ƙuruciya. Ya ce shi bai sani ba, kuma shi ba ya haɗa sunan Allah da waƙa.

Hajiyarmu ce ta kira daga Kano, aka kara mini waya. Ta yi ta magana ba amsa, har ta rasa abin faɗa. Sai ta kama La'ilaha illallahun da take rera mana a goye, wanda ta yi wa jikokinta ma. A zagaye na uku na ji wata murya mai kauri tana bin ta. Tawa ce. Baban Ilham ya zauna a ƙasan ɗakin yana kuka.

Yanzu ina gida. Ina tafiya da sanda, ina magana guntu-guntu, wannan ma da hagu na rubuta. Alhamdulillah. Na gode wa ma'aikatan asibiti, da matan unguwa da suka riƙe mini yara, da Mina da ta dawo duba ni bayan rasuwar uwarta.

Don Allah ku auna hawan jini, ku sha magani ko kuna jin garau. Idan baki ya karkace, hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ku kira motar asibiti a 999 nan take. Ku yi addu'ar a cikin mota.

Har yau idan na gaji ko na tsorata, shahada ba ta fito mini sai da rerawa. Don haka na bar wa Baban Ilham wasiyya: ranar da ajalina ya zo, kada ya tsaya yana ce mini in daure. Ya rera. Ya ce muryarsa ba daɗi. Na ce na sani, haka nan zai yi.

Jiya na ji shi a kicin yana koyo.