Zama na Uku

A jirgin ƙasa na safe mai zuwa Münster, Henning, tsohon malamin lissafi, yana satar kallon ɗalibar da ke gabansa. Idanunta sun yi ja, tana cusa ƙananan rubutu a takarda ɗaya tak da ake bari a shiga jarrabawa da ita.

"Mama, bar ni haka," take cewa a waya. "Zama na uku ne. In na faɗi, kora ce."

Wataƙila ba ta runtsa ba. Tana lissafin yiwuwar zaro jajayen ƙwallaye biyu cikin takwas da ke cikin buhu, ta manta na farko ba ya komawa buhu. Henning bai saba tsoma baki ba, ga jirgi yana rage gudu.

Ya ɗora yatsa kan takardar. "Saura bakwai, 'yammata."