Hannun Baba Sikeli

Shekara talatin da ɗaya Baba Sikeli ya yi yana yanka kwaɓin fulawa a gidan burodi ɗaya, kuma tun shekararsa ta biyu bai ƙara taɓa sikeli ba. Daga nan sunan ya bi shi. Zai damƙi kwaɓin, ya tsinka, ya mulmula, ya jefa cikin gwangwani, giram ɗari huɗu cif. Idan baƙo ya yi musu, sai masu gashi su sauko da sikelin daga saman kanta, su hure fulawar da ta rufe shi, su ɗora. Allurar ba ta taɓa ba shi kunya ba. Shi kuwa ko waiwaye ba ya yi, don mutum ne mai ji da kansa, kuma a gaskiya ya isa.

Da hannun nan ya ciyar da 'ya'ya biyar, ya rufa wa matarsa ɗaki da kwano. Ban da shi bai iya komai ba.

Sai duniya ta rikice. Aka yi annobar da ta kulle kasuwanni, ba a gama farfaɗowa ba aka ce yaƙi ya ɓarke can inda ake noman alkama, jiragen ruwa sun tsaya, dizal ya yi tashin gwauron zabi. Baba Sikeli a rediyo kawai yake jin sunayen ƙasashen. Abin da ya gani da idonsa shi ne motar fulawa ta koma zuwa sau ɗaya a mako, an kashe tanda guda cikin biyu, an sallami mutum huɗu.

Mai gidan burodin ɗan marigayin da ya kafa wurin ne, a gaban Baba ya girma. Ya kira shi ofis, ya ba shi kujera.

"Baba, in na ƙara kuɗi ba mai saye. Sai dai mu rage nauyi. Daga gobe ɗari uku da hamsin."

"Allah Ya kai mu," in ji Baba.

Bakinsa ya amsa, amma ba a yi shawara da hannu ba. Goman farko sukan fita daidai, don yana lura. Da aiki ya yi zafi, hankali ya tafi wani wuri, sai hannun ya koma gidan jiya. Kafin mako ya ƙare aka ga buhun fulawa ba ya fitar da yawan burodin da ake tsammani. Aka ajiye masa sikeli a gabansa, a gaban kowa. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi masa ciwo. Da sikelin ma sai ya zama shi ne na baya, yana ɗorawa, yana tsakura, yana ƙanƙance ido don ya ga allura, gwangwanaye na jiransa.

"Mutum biyu kawai zan iya riƙewa a teburin nan, Baba," in ji maigidan, kansa a ƙasa. "Ka je ka huta mako biyu. In hannun ya gyaru, wurinka na nan."

Bai huta ba. Fulawa ta fi ƙarfin wasa, don haka ya haƙo laka a bayan gida, ya kwaɓa ta har ta yi laushin da ya sani, ya aro sikeli wurin mai shagon unguwa. Kullum da hantsi yana zaune a tsakar gida yana tsinka, matarsa na duba masa allura.

"Da furfurarka ka koma wasan ƙasa, Malam?"

"Ke dai faɗa mini nawa."

"Ɗari huɗu ne dai. Hannun nan ya fi ka taurin kai."

Ranar sha ɗaya ya jera hamsin ba kuskure, har yana hira da ita. Ta yi murna. Shi bai yi ba, ji yake kamar ya koya wa ɗansa sata. Amma ya wanke rigar aiki, ya goge ta.

Da safe ya shiga gidan burodin, ya ɗaura rigar, ya tsaya a wurinsa. Ya tsinka biyar, ya jera. Ya ce a kira maigida, a ɗora. Duka biyar ɗari uku da hamsin, ba ƙari ba ragi. Masu gashi kowa ya nemi abin yi.

Maigidan ya daɗe yana kallon allurar.

"Baba, tun ranar Litinin muka koma ɗari uku. Wallahi ban san inda za mu kai wata mai zuwa ba."

Baba Sikeli ya dubi hannunsa, gaba da baya. Ya kwance rigar, ya ninke ta da kyau, ya ajiye kusa da sikelin.

Da ya shiga gida matarsa ta ga fuskarsa, ba ta tambaye shi komai ba. Ta dai ce ta yayyafa wa lakar ruwa, ta rufe ta da buhu don kada ta bushe.

"Zubar da ita," ya ce. "Ki mayar wa mai shago sikelinsa."