Ramin da ke ƙarƙashin geron

Ƙarfe goma da rabi na safiyar wata Asabar ne, cikin marka, ina 'yar shekara tara. Na san lokacin don idona na kan agogon hannun Baba sa'ad da yake zura ni cikin rufewa, wato rumbun ƙasa da muke zuba sussukakken gero, a ƙauyenmu kusa da Zango. Bakinta ƙarami ne, babba ba ya shiga, kuma a gidanmu maigida kaɗai ke buɗe ta, sau ɗaya a mako. Ni ake zurawa in cika ƙwarya in miƙo, shi kuma ya auna wa Inna na kwana bakwai.

Ran nan da na dira sai na ji saman geron da tauri, kamar daɓe, don laima ta kama shi. Na yi taku biyu, a na uku ya burma. Kafin in yi ihu na nutse har ƙirji. Ba zafi na fara ji ba, riƙo ne. Duk numfashin da na fitar sai gero ya cike gurbin, na gaba ya fi shi gajarta. Baba ya zuro hannu ya ja ni har kafaɗata ta yi ƙara, amma ko motsi ban yi ba. Ina jin kaji na tsatstsaga a ƙarƙashina, ina jin Inna a waje tana cewa, "Malam, fasa ta! Don Allah fasa ta!" Hadari ya haɗo, kuma abincinmu har kaka yana ciki. Ya ɗan tsaya, sannan na ji dukan taɓarya a bango.

Na fito, amma ruwa ya sauko kan geron kafin a gama kwashewa. Shekarar nan har tafasa muka ci da ƙuli. Aka yanke cewa tsalle na yi a ciki. "Shiru-shiru ashe ɓarna na ciki," in ji Gwaggo. A makaranta yara suka laƙaba mini Fasa-Rumbu. Ni ba mai magana ba ce, sai na koma bayan aji da littafina, har na fara yarda cewa na yi tsallen na manta.

Yanzu ina digiri na biyu a fannin injiniya, aikina kwaikwayon motsin hatsi da yashi a kwamfuta. Nakan zana rumbu, in zuba masa ƙananan ƙwayoyi, in ga yadda kowace ke tura maƙwabciyarta. Wata rana na zana rufewarmu, na sa saman ya danƙare, na ɗora nauyin yarinya. Ya ɗauke ta. Na sa ta tsalle, ya ɗauke ta. Na canja laima, na canja faɗi, mako uku ina yi. Sai da na huda ƙasan na bar ƙwayoyin suna zurarewa kaɗan-kaɗan, sannan kogo ya buɗe a ƙarƙashin ɓawon, yarinyar ta faɗa.

Da hutu na je gida. Baba ya rasu, rufewa babu ita, hatsi a buhu yake a ɗakin da Baba yake kwana a da, kowa na iya kwancewa ya ɗiba. Sai na ji ina kewar ƙamshin ƙasar nan da ta kusa kashe ni. Inna na tsince wake a inuwar zaure, na zauna na nuna mata faɗawar yarinyar a allon kwamfuta, sau biyu. Daga baya na ce, "Inna, wa ke ɗiba ta ƙasa?"

Ta daɗe tana juya wake a faifai.

"Awon babanku ba ya kai mu Alhamis, ku bakwai ne," ta ce. "Na huda ƙasan na toshe da totuwa. Kullum ina so in gaya miki, sai in ga kin yi shiru, ni ma in yi. Ba ki yi tsalle ba, Hadiza."