Kamarad da ke maida kwano cike

Baba Inoussa maƙwabcinmu ne, bango guda ya raba mu. Duk unguwa Kamarad ake ce mai, kuma ba don so ba. Shekara ashirin da biyu ya yi yana aikin haƙar ma'adini can arewa, shi ne delege, wato wakili, na sandikansu, ƙungiyar ma'aikata. Da ya yi retret, ya aje aiki, ya dawo Agadez da jaka cike da takardu, da tari. Matarsa ta rasu, ɗiyansa suna Yamai.

Tukunya ce ta raba shi da mutane, wallahi. Ya ce tsohon ƙarfen da ake saukowa da shi daga wurin aikinsu akwai guba a jikinsa wadda ido ba ya gani. Wai sau uku ya tashi cikin taro ya ce a bizne ƙarfen kada ya fita, manya suka rubuta, suka ce an ji. Sai ga ƙarfen a kasuwa, ana narkawa ana zuba tukwane.

To kun san mu, in an aiko maka abinci ka ci, ka wanke kwano, ka sa ko dabino ne ka maida. Shi kam yadda aka kai haka yake maidowa, ko murfi bai ɗaga ba. Sau biyu ya yi wa Inna, ta rantse ba ta ƙara aika mai. Bikin suna ma aka daina gaya mai.

Ranar da masu zuba tukwane suka zauna shawara kan sayen sabon lodin ƙarfen, ya sa tsohuwar rigar aikinsa ya tahi. Bahago, shugabansu, ya bari ya gama, sannan ya ce, "Kamarad, nan ba sandika ba ne. Kai kana da kuɗin retret, mu fa?" Aka sayi lodin.

Ni bakina ba linzami, na taɓa ce mai mahaukaci gaban mutane. Amma da na gan shi ƙofar gida yana jiƙa gari shi kaɗai, sai na ari tukunyar ƙasa wurin kakata na dafa mai shinkafa da wake, na kai a cikinta. Na ce, "Baba, yumɓu ce, duba gindinta."

Ya duba, ya daɗe, har ya naɗe hannun riga. Sai ya ce, "Ɗiyata, da me kika motsa?"

Da babban cokalin Inna ne, zubin Bahago. Da na ce muciya, da ya ci. Ni da ba ni rasa ƙarya, ran nan ta ƙi fita.

Ya maida murfin a hankali, ya shiga ɗaki, ya fito ya ɗora dabino uku bisa.