Irin da Muka Binne da Diddige

Zan fara da neman afuwa, domin abin nan ya faru ina 'yar aji biyar a firamare, kuma mai yiwuwa ƙwaƙwalwata ta haɗa damina biyu ta mai da su ɗaya. Abin da ba na shakkarsa shi ne safiyar wata Juma'a bayan ruwan shuka, lokacin da Baba ya tsaya a bayan ɗakin Inna da sungumi a hannu, ya ce daga yau miyar gidan nan a nan za ta riƙa fitowa.

A ƙauyenmu da ke gefen dajin Kamuku, a iya sanina, babu wanda ya taɓa yin lambu. Mu manoman dawa ne da masara da doya. Miya kuwa daji ke ba mu. 'Yanmata kan fita da kwanduna su ɗebo ganyen kuka da lalo da tafasa, su dawo leɓunansu baƙi ƙirin da ɗinya. Yayata Hanne da ƙawarta Ladi, 'yar malamin makarantarmu, su ne gwanayen hawan kuka, mu ƙanana muna ƙasa muna tsinta muna waƙa. A shekarar ne aka fara ganin mutane da bindigogi a kan babura cikin dajin. Baba ya hana Yaya Hanne fita, amma kowa ya san hanin iyakarsa ranar da garin kukar da ke tukunyar Inna zai ƙare.

Ya sayo irin alayyahu da tumatir a kasuwar Birnin Gwari, a ƙulle cikin leda. Muka yi kunyoyi dogaye kamar na dawa. Baba yana gaba yana sara da sungumi, ni da Yaya muna binsa, mu jefa iri a rami, mu rufe da ƙafa, mu danne da diddige sosai don kada kaji su tone. Haka aka koya mana shuka, kuma ba mu san da wata ba. Muka kewaye wurin da kara saboda awaki. Kullum kafin in tafi makaranta sai na leƙa. Ciyawa ta fito, har wata masarar da ba mu shuka ba ta fito, alayyahu shiru.

Maman Ladi ce ta gano abin. Mutuniyar kudancin Kaduna ce, ta biyo mijinta da aka turo shi koyarwa. Ta shigo aron rariya, ta leƙa danga, ta tambayi Inna yadda muka yi. Da ta ji, sai da ta zauna a kan turmi don dariya. Ta ce, "Maman Hanne, ai ba shuka kuka yi ba, jana'iza kuka yi wa irin nan." Inna ta ce to ta zo ta tashe su, tun da a cocinsu an saba da tashin matattu. Suka yi ta dariya har Inna na share hawaye.

Washegari ta kawo nata irin a kwalbar magani. Ta sa muka baje kunyoyin, muka farfasa ƙasa da hannu, muka zuba kashin awaki wanda ya bushe. Ta cuɗa irin da yashi ta barbaɗa a sama kamar gishiri, ta rufe da busasshiyar ciyawa shara-shara. Ta kama ƙafata tana cewa, "Ke, diddigen nan ki ajiye wa dawa." Ba a jima ba wurin ya yi kore, ganye ƙanana kamar kunnen ɓera.

Sai dai makonnin da muka ɓata sun riga sun tafi. Alayyahun bai kai tsawon yatsa ba kuka ta ƙare, ta gidanmu da ta maƙwabta, tafasar bakin gari kuma an tsinke ta kaf. Ina jin an yi kwanaki ana cin tuwo da ruwan daddawa. Wata safiya, Baba yana gona, 'yanmata suka fita, suka ce iyakarsu kukokin bakin rafi, kafin hantsi sun dawo. Yaya Hanne ta dawo bayan azahar, babu kwando, babu takalmi. Ladi ba ta dawo ba. Maza sun bi sawu, ban san iya inda suka kai ba, kuma har yau Yaya ba ta faɗi abin da ta gani ba.

Maman Ladi ba ta daina zuwa ba. Kowace yamma takan shigo ba sallama, ta durƙusa tana cire ciyawa, fuskarta na duban wajen daji. Da alayyahun ya isa yanka, na kai hannu zan tuge, ta riƙe ni ta ce a hankali, "Yanka shi, ki bar gindin. Zai dawo." Tumatir na ɗanye muka bar garin saboda masu bindigogin nan. Su Maman Ladi sun riga mu tafiya, ko kuma mu muka riga su, wannan ya shige mini duhu.

Yanzu na gama jami'a, ina zaune a Kaduna, ina da alayyahu a buhuna biyu a bakin ƙofa. Na karanta cewa irinsa ba ya son zurfi, kuma wata guda ya ishe shi girma. Ba zan ce da shukar farko ta fito da Ladi ba ta je rafi ba, ba ni da ilimin wannan. Amma duk sanda na barbaɗa iri sai na ji diddigena ya yi nauyi.

Duk wanda ya zauna a wajen a lokacin, ya ga na yi kuskure, ina roƙon ya gyara mini. In kuma akwai wanda ya san inda Maman Ladi take, ya taimaka ya faɗa mata alayyahun ya sake tohowa, mun yanka kafin mu tafi.